Wanda Ya Buɗe Zane Na Huɗu

Laraba, 4 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya idon Inna? Ina fatan tana ɗiga maganin a kan lokaci, ba sai kin bi ta da kwalbar ɗaki-ɗaki ba. Ni lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da ba ya rabo da ƙorafi.

Na san sai kin yi dariya da kika ga wasiƙa a hannun direba, kamar lokacin da nake makarantar koyon sana'a. Wayata ba ta hannuna. Lauyan kamfani ya karɓe ta ranar Litinin, ya sa a ambulan ya manne. Ya ce kada in sayi wata, kada kuma in ari ta kowa, don duk abin da ya bi ta waya ana iya nemansa a gaban kwamiti, sabuwar lamba kuma sai a ce ɓoye-ɓoye nake yi. Ke ma kada ki kira ofishinmu. Shi ya sa na koma wa biro da takarda.

Ga abin da ya faru. Kin san benen nan mai hawa huɗu da muke ginawa. Ranar sha shida ga watan jiya muka zuba kankaren ginshiƙai shida a hawa na uku. Ni na tsaya a kai tun safe har aka wanke injin. Zane na uku na bi layi-layi, rodi mai lamba sha shida kamar yadda aka rubuta, ban rage ko guntu ba. Juma'ar da ta wuce sai ga injiniyan mai ginin ya zo dubawa. Ya ga bakin rodin da ya leƙo a saman ginshiƙi, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Foman, wane zane ka bi?"

Na ce na uku. Ya ce ai akwai na huɗu. Ashe mai ginin ya yanke shawarar ɗora tankunan ruwa a rufin, aka ƙara kaurin rodin zuwa mai lamba ashirin. Wallahi Auta, ban taɓa sa wannan zanen a idona ba sai ranar, a fuskar wayar injiniyan.

Yanzu ba a kawo wa mutum zane a naɗe ya sa hannu a littafi kamar da. Akwai wani akwati a intanet da aka buɗe wa aikin, kowa da sunansa da lambar sirrinsa, daga mai zane har ni. A ciki ake jefa komai. To akwatin nan ya ce wai ni na buɗe zane na huɗu ranar goma ga Fabrairu, ƙarfe goma da minti sha huɗu na safe. Sun buga mini takardar, ga sunana nan baro-baro.

Za a fasa ginshiƙan duka shida. Wannan da sauƙi, kankare ne, ana sake zubawa. Abin da ya dame ni shi ne kwamiti zai zauna ƙarshen wata ya faɗi mai laifi. In suka rubuta cewa na ga zane na yi biris da shi, to na gama da wannan sana'ar. Shekara ashirin da uku ina gini ba a taɓa fasa mini ko dakali ba. Foman da aka ce ya ga zane ya take, ko katangar bayan gida ba mai sake ba shi.

Na haɗo miki da takardar akwatin, da takardar kiran kwamitin, da shafuka uku na yarjejeniyar aikin da lauyan ya ja wa layi. Ke ce kika shekara tara kina buga irin waɗannan a ofishin lauyoyi. Ni na karanta sau uku, ban fito da komai ba sai ciwon kai. Kada Inna ta ji. Maman yara kuwa na aika mata cewa wayar ce ta lalace, ki bar ta a haka.

Yayanki

*

Asabar, 7 ga Maris

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso jiya, na kuma sha wahalar karanta ta. Shekara ashirin da uku kana miƙe bango, amma har yau ka kasa miƙe layi ɗaya a takarda. Kowa lafiya. Inna ta fara sa zare a allura da kanta, tun daga nan ba mu huta da gori ba, wai duk gidan ita ce mai ido. Na leƙa Maman yara shekaranjiya, ƙaramin ya yi mura amma ya warware.

Na karanta shafukan, na kuma nuna wa ɗaya daga cikin lauyoyinmu ba tare da na faɗi sunanka ba. Ba zan ɓoye maka ba, sashe na sha takwas bai yi maka daɗi ba. Cewa ya yi duk takardar da aka saka a akwatin, da zarar an buɗe ta da sunan mutum, to ya karɓa ke nan. Ba ruwansa da ko ka karanta, ko ka fahimta, ko atishawa ce ta sa yatsanka ya taɓa. Rantsuwarka ba ta da gurbi a ciki. Da na gama karantawa sai na ajiye takardun na tafi wanke-wanke.

Ina cikin wanke-wanken ne ranar ta faɗo mini. Yaya, goma ga Fabrairu fa. Talata ce, ranar da aka yi wa Inna aikin ido. Ƙarfe goma da minti sha huɗu kana zaune kusa da ni a kan bencin asibiti, kana karkaɗa ƙafa har matar da ke gefenmu ta tashi ta canza wuri. Wayarka ma a mace take, ka manta caja a wurin aiki, tawa kuma ba ta shiga taka. Da me za ka buɗe zane?

Na bar kwanukan da kumfa na je na zazzage jakar takardun Inna. Ga takardar amincewa da aikin, da sa hannunka, da hatimin asibiti, ƙarfe tara da minti arba'in. Ga kuma takardar sallama, ita ma kai ka sa hannu, ƙarfe ɗaya saura. Tsakaninka da wurin ginin tafiyar awa bakwai ce a mota. Ko dai na'urar tasu ta yi ƙarya, ko wani ya shiga da sunanka, ko ma wanne ne dai ba kai ba ne.

Takardar kiran ta ce duk mai hujja ya miƙa kafin Juma'a ashirin ga wata, bayan nan ba a karɓa. Adireshin lauyan naku yana jiki. Ka ce mini in aika kawai, in aika. Ka daina zama da ciwon kai, ka ci abinci, kuma ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka

*

Laraba, 11 ga Maris

Auta,

Na gode, Allah ya yi albarka. Ki gaida Inna, ki ce mata ta bar allurar nan haka kafin ta mayar da mu asibiti. Na ji daɗin labarin ƙaramin.

Kada ki aika da takardun nan. Na sa wannan a farko don na san halinki, kina iya karanta layi biyu ki miƙe.

Ban manta da ranar aikin Inna ba. Tun da aka nuna mini takardar na gane. Na ƙi faɗa miki ne don ina fatan ki samo mini wata ƙofa a cikin yarjejeniyar, ba wannan ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, kuma na san wanda ya buɗe.

Kin san ni da kwamfuta. Ranar da aka ba ni lambar sirrin nan na gwada sau huɗu tana kora ta. Sai na rubuta ta a jikin salatif na manna a bangon kwantenar da muke ofis, bayan kalanda. Na kira Dogo, mai kula da sito, wanda muke tare shekara goma sha ɗaya, shi 'yarsa ta koya masa danne-dannen. Na ce masa kullum da safe ya shiga da sunana, duk sabon abin da ya gani ya buga a firinta ya ajiye mini a kan tebur. Ni in dai ba takarda na riƙe a hannu na shafa mata ƙurar siminti ba, ban ga zane ba. Wata goma sha huɗu muna haka ba a taɓa samun matsala ba.

Ranar Asabar na same shi a sito yana ƙirga buhunan da ya riga ya ƙirga. Shi ya fara magana.

"Foman, ni ne fa. Na buɗe, na danna bugawa, firinta ta ce ba tawada. Na ce bari in ka dawo in gaya maka. Sai ga motar siminti ta iso, direban yana ta hon. Wallahi daga nan abin ya fita kaina, kamar an share."

Ya zauna a kan buhu ya riƙe gwiwoyinsa. Mutumin nan shekararsa hamsin da takwas, gwiwoyin ma da kyar suke kai shi bakin titi. Na so in yi masa faɗa, na nemi faɗan a cikina na rasa. Na gaji ne kawai.

Akwai wani rataye a bayan yarjejeniyar da ban aiko miki ba. Ya ce wanda ya ba wani lambarsa ya saɓa, za a cire shi daga aikin. Wanda kuma ya shiga da sunan wani, korarsa za a yi, a rubuta a takardarsa. To kin ga inda nake. In na yi shiru, ni kaɗai zan tafi, da baƙin suna. In takardunki suka shiga, za a yarda ban ga zanen ba, amma tambaya ta gaba ita ce wa ya buɗe. Ni ko an cire ni daga nan ina iya samun wani ginin. Dogo wa zai ɗauka da irin wannan takardar, a wannan shekarun? Kuma ni na sa shi.

Ban yanke komai ba tukuna. Wata safiyar in tashi in ce sunana ya fi, wata safiyar in gan shi yana jan ƙafa zuwa sito in ce a'a. Ki ba ni lokaci. Ki mayar da takardun jakar Inna ki rufe.

Yayanki

*

Litinin, 23 ga Maris

Yaya,

Ina fatan kana lafiya, don ban san halin da kake ciki ba. Mu nan lafiya. Inna ta fara tambaya wace irin lalacewa ce waya za ta yi sati uku, na ce mata kayan gyaran ne ba a samu ba. Ta dube ni da sabon idon nata, ban ji daɗin kallon ba.

Kwana goma sha shida ke nan ba amsa. Sau biyar ina zuwa tasha. Direban namu ba a gan shi ba, abokan aikinsa kowa da abin da yake faɗa. Ka hana ni kiran ofis, ban kira ba. Na zauna ina ta saƙa da warwara: ko ba ka da lafiya, ko wasiƙata ce ba ta isa ba, ko kuwa halin naka ne ya motsa, na mutumin da zai gwammace ruwa ya ci shi da ya ce a miƙo masa hannu. Na fi zargin na ƙarshen, don tare muka tashi.

Ranar Alhamis na ga saura kwana ɗaya a rufe karɓar hujja. Na yi hoton takardun biyu, lauyanmu ya buga musu hatimin shaida, na tura wa lauyan kamfaninku ta imel da ɗan bayani a sama. Kafin a tashi daga aiki ya amsa cewa sun shiga fayil. Na san ban jira izininka ba. Ka yi fushi in ka ga dama, na ɗauka. Gara ka yi fushi da ni kana foman da ka gode mini kana zaune a gida.

Na gaji da wannan maganar, Yaya. Ko a ofis sai in buga shafi guda in ga ban san abin da na buga ba. Amma tun ranar Alhamis na ji nauyin ya ragu. Don Allah ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ƙanwarka

*

Alhamis, 26 ga Maris

Yaya,

Yau da rana direban ya zo har ofis, yana ta ba da haƙuri. Motarsa ce ta lalace a hanya, ta yi sati biyu a gareji, wasiƙarka tana cikin aljihun gaban motar. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Layi na uku ya ishe ni.

Na kira lauyan naku in ce a janye. Ya ce abin da ya shiga fayil ya shiga, an riga an raba wa 'yan kwamiti kwafi. Na tambayi namu ko da dabara, ya girgiza kai.

Ina da abin cewa, ka sani. Da ka aiko mini da ratayen tun farko, da ka gaya mini gaskiya a wasiƙar farko, da ban yi ba. Amma ba shi ne zai gyara komai ba. Ni na aika. Ban san Dogo ba, ban taɓa ganinsa ba, ga shi na shiga tsakaninsa da abincinsa ina murna. Ka yafe mini. In akwai abin da zan iya yi daga nan, ka faɗa, wannan karon sai na ji daga bakinka.

Ƙanwarka

*

Lahadi, 5 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Wasiƙunki biyu sun iso a rana ɗaya. Ina lafiya. An mayar mini da wayata, amma wannan maganar ba zan iya yin ta da baki ba. Ki gaida Inna, na kira ta jiya ta yi mini tatas.

Ba abin yafewa tsakanina da ke. Kin ga yayanki zai nutse kin miƙa hannu. Ki cire wannan daga ranki, don abin da zan gaya miki ya fi naki nauyi.

Kwamitin ya zauna ranar Talata a ofishin mai ginin, mutum biyar a bayan dogon tebur, sanyin na'ura har cikin ƙashi. An kira duk wanda ke shiga kwantenarmu, har da Dogo. Lauya ya karanta takardun asibitin, shugaban ya gyaɗa kai ya ce a bayyane yake foman ba ya nan. Sannan ya tambayi wanda ya buɗe. Ina haɗa maganar a bakina sai na ji kujera ta motsa a bayana.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Shugaban ya ce, "Foman ne ya ba ka lambar?"

"A'a. A bango na gan ta na ɗauka, ina neman lissafin rodin da za a kawo. Bai san ina shiga ba."

Shugaban ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Haka ne?"

Auta, ban ce haka ne ba. Amma ban ce ba haka ba ne. Na dubi tebur. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai a sha ruwa ba, sai na ji biro yana tafiya a takarda. Shi ke nan aka wuce magana ta gaba.

Ranar Alhamis takardu suka fito. Tawa ta ce ba a same ni da laifin ƙin bin zane ba, sai gargaɗi kan barin lamba a fili, in ci gaba da aikina. Manaja har da dafa mini kafaɗa. Ta Dogo ta ce an kore shi saboda shiga akwatin aiki da sunan wani ba da izini ba. Ya miƙa makullan sito, ya bi ni har hawa na uku inda ake fasa ginshiƙan, da gwiwoyin nan nasa, don kawai ya gaya mini buhu tara na kusurwar hagu sun fara jan danshi, a fara amfani da su. Na ce masa me ya sa ka yi haka. Ya ce, "Foman, ni na manta, kai kuma kana da yara ƙanana." Ya sauka a hankali yana dafa bango, ni ko rakiya na kasa.

Abin da na roƙa wata guda ke nan na samu. Sunana ya fita fes. Kwana uku ina zuwa aiki da shi, leburori suna yi mini barka, ni kuwa ko haɗa ido da sabon mai siton ba na iya yi. Ban taɓa jin gajiya irin wannan ba, kuma ba ta jiki ba ce.

Kin ce in akwai abin yi in faɗa. Ga shi. A bayan wannan takardar na rubuta yadda abin yake: ni na manna lambar, ni na kira shi, ni na ce ya riƙa shiga kullum, wata goma sha huɗu. Ki gyara shi da irin harshenku na ofis, ki buga kwafi uku, ki bar mini wurin sa hannu. Na tambayi lauyan kamfani a kaikaice. Ya ce irin wannan ba lalle ya mayar da mutum aiki ba, amma za a canza masa takarda daga wanda ya ɗauka zuwa wanda aka sa, wanda ya sa shi kuma ya tattara kayansa. Na ji, na kuma fahimta.

Kada ki rubuto kina ba ni shawara, na san duk abin da za ki ce, na faɗa wa kaina. Ki ba direban hannu da hannu, ki tsaya har motar ta tashi. Sannan ki je ki zauna da Maman yara ki fara gaya mata a hankali, don ina jin kafin ƙarshen wata ina gida.

Yayanki